Abin da Manu Ya Roƙe Ni a Zoza

Ban taɓa mantawa da ranar da mutum mai cikakken hankali ya dube ni ido cikin ido, ya roƙe ni in yi masa abin da muke yi wa dabbar da ta gagara warkewa ba. Tun da kun ce in ba ku labarin abin da ya fi tsaya mini a rai a duk shekarun da na yi a aikin dabbobi, to wannan ne, ko da yake ba shi da daɗin ji.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Ina malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya, an ajiye ni a Karaye. A wancan lokaci Rogo da ƙauyukanta duk a ƙarƙashin Hakimin Karaye suke, saboda haka duk ƙasar aikina ce. Ku da ba ku riski tsarin ba, ga yadda yake. A sama akwai Baturen dabbobi, yana zaune a Kano, yakan fito rangadi. Ƙarƙashinsa mu malamai, kowa da gundumarsa. Ƙarƙashinmu kuma 'yan allura da leburori masu kayar da shanu. Babban aikinmu rigakafin bushiya ne, cutar da takan share garke ƙaf. In kaka ta yi aka kau da amfanin gona, sai mu kafa sansani kusa da rugage, Ardo, shugaban Fulanin wurin, ya tara shanu, a yi musu allura, a tsaga kunne don shaida. Fulani ba su cika sakin jiki da mu ba, don a zatonsu duk saniyar da muka taɓa mun ƙidaya ta ne saboda jangali, harajin shanu. Aiki ne na lallami. Yardar da ka yi shekara kana ginawa, magana ɗaya a kasuwa ta isa ta rushe ta.

Akwai kuma wani aikin da ba mu so, amma dole. In aka kawo rahoton mahaukacin kare, sai a ba malami guba, wani farin gari a cikin ɗan gwangwani. A cusa kaɗan a tsokar nama, a jefa wa karnukan da ba su da masu su, sannan a bi gawarwakinsu a binne da zurfi. Gwangwanin yana zama a akwatin ƙarfe mai kwado, makullin kuma a wuyana yake kwana.

A ƙarshen daminar shekarar, mahaukacin kare ya faɗa wa wata ruga a gefen Zoza. Ya nufi 'yan maruƙa a turke, sai mai rugar, wani magidanci ana ce masa Manu, ya tare shi da sanda. Ya kashe karen, amma kafin nan ya cije shi a hannu, ya kuma yage masa kunci. Da na je, na ce masa ya tafi asibitin Kano, akwai allurar da ake yi a ciki, in an yi ta da wuri takan hana haukan kamawa. Ya yi dariya. Ya ce an ba shi hantar karen ya lasa, an yi masa rubutu ya sha, kuma wa zai bar wa shanu ya tafi birni a riƙa tsira masa ƙarfe a tumbi? Na sa Ardo ya yi masa magana, bai ji ba. Na yi aikina na karnuka na koma Karaye.

Da kaka na dawo da 'yan allura, muka sauka a zauren mai unguwa a Zoza. Na zo da gwangwanin, don har lokacin ana ganin karnuka masu alamar ciwon. Muna cikin aiki sai ga ƙanen Manu, sunansa Gide, ya tsaya a bayan leburori har na lura da shi.

Na ce, "Lafiya, Gide?"

Ya ce, "Malam, Hamma ne." Haka suke kiran wa da Fulatanci. "Ya ƙi shan ruwa. In ya ga ƙwarya ma sai ya shiɗe."

Tun a nan na gane ciwon haukan kare ne, na kuma san ba shi da magani a Kano ko a Ingila.

Na tarar an raba shi da mutane, an sa shi a wata bukka a gefen rugar. An aika matarsa da 'ya'yansa wajen danginta don kada ya ji musu ciwo. Shi da kansa ya ce a ɗaure shi, aka ɗaure masa hannu da ƙafa da igiyar shanu a jikin turke. Mahaifiyarsu, wata dattijuwa doguwa marar magana, da kowa ke ce mata Inna, tana zaune a bakin bukkar ta juya masa baya, tana saƙa faifai. Wanda bai san Fulani ba sai ya ce ba ta damu ba. Ɗan fari ne, kuma a al'adarsu uwa ba ta nuna kulawa ga ɗan fari a gaban mutane.

Abin da mutane ba su sani ba game da wannan ciwo shi ne, ba ya ɗauke hankali gaba ɗaya. Yakan taso, mutum ya yi ta fizge-fizge, maƙogwaronsa ya shaƙe, yawu na dalala, ya yi wata irin ƙara da ba ta kama da ta ɗan Adam. Sannan ya lafa, mutum ya dawo garau, ya san kowa, ya kuma san abin da ya yi ɗazu da abin da ke jiransa. A irin wannan lafawar na shiga. Muka gaisa sosai, har ya tambaye ni mutanen Karaye. Leɓunansa sun tsattsage don ƙishirwa.

Ya ce, "Malam Isiyaku, ka tuna farar saniyata da ta faɗa kwazazzabo ta karya baya?"

Na ce na tuna.

"Ina kuka, ka dafa ni ka ce, Manu, barin ta haka zalunci ne, a yanka ta ta huta. Ba haka ka ce ba?"

Na ce haka na ce.

"To ni ban kai saniya ba ne a wurinka? Garin nan da kake ba karnuka, ɗan kaɗan. Ba wanda zai sani. Na yafe maka duniya da lahira."

Na taɓa tsayawa gaban bijimin da ya tsinke igiya, ban ji tsoron da na ji a bukkar nan ba. Na ce masa, "Manu, ka fi saniya, shi ya sa. Saniya Allah ya ba mu izinin yanka ta. Kai bai ba ni izininka ba, kai ma bai ba ka izinin kanka ba, balle ka yafe mini."

Ya ce, "Maganar malamai ke nan. Su ba sa jin ƙishirwar da nake ji."

Sai na gaya masa wata gaskiyar kuma, cewa garin nan ba barci yake sa kare ba. Sandarewa yake yi, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, yana ji yana gani har ransa ya fita. Ya rufe ido ya ce, "Amma yana ƙarewa."

Da na fito, Gide ya bi ni har bayan shinge. Ashe yana jin mu. Ya riƙe rigata, abin da Bafulatani ba ya yi wa baƙo. Ya ce in ni ina tsoron alhaki, in ba shi kawai, shi zai ɗauka. Ya ce ko kuma in manta makullin a kan tabarma in tafi salla, shi ke nan, ban ba shi ba, ban gani ba. Na ce masa a'a. Ya sake ni, ya daɗe yana kallon igiyar makullin da ke wuyana, sannan ya juya.

Da yamma limamin Zoza ya zo dubiya, dattawa suka zauna a gindin ɗorawa, maganar ta fito fili ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Wani tsoho ya ce ya ji kakanninsa na cewa a da, in ciwon nan ya kai haka, akan lulluɓe mutum da ɗanyen ƙirgi a bar shi har ya cika, kuma ba wanda ya kira wannan kisa. Liman ya ce sunan da aka ba abu ba ya canja shi. Ya ce ko fatan mutuwa saboda zafin ciwo an hana mumini. Iyakar abin da aka yarje masa shi ne ya roƙi Allah ya raya shi in rayuwa ce ta fi masa alheri, ya ɗauke shi in mutuwa ce ta fi. Tsohon ya ce, "To Malam, in mun san ƙarshen, kuma mun san kwana biyu ne ko uku, me muke tsarewa?" Liman ya ce, "Hannunmu muke tsarewa. Kuma wa ya gaya maka abin da ake kankare masa a kwanakin nan?" Ba wanda ya gamsar da wani. Na lura duk lokacin da aka yi shiru, idanu a kaina suke sauka.

Washegari da safe, kafin in tafi sansani, na koma wurin Manu. Na jiƙa tsumma da ruwa da zuma a waje, inda ba zai ga ruwan ba, na ɓoye shi a hannun riga, na shiga na shafa masa a leɓe. Ya ɗan tsotsa, ya gode. Ƙarfinsa na nan, don da asuba ma ya tsinke igiya ɗaya sai da aka sake ɗaure shi. A raina na ce yana da sauran kwanaki. Na fito, na gaida Inna, na hau kekena na tafi wajen ƙauyen Fulatan, inda aka tara mana shanu ranar.

Da la'asar na dawo na tarar har an binne shi. Aka ce da azahar ya cika.

Na yi salati, na yi ta'aziyya. Amma tun a wurin na ga abin ya sauya. Mutanen da jiya suke matsa mini wuri a tabarma, yau sai suka amsa mini a taƙaice suna kallon ƙasa. Gide kuwa ya kama hannuna ya matse, ya ƙi haɗa ido da ni. Wannan matsewar ce ta sa na wuce masauki da sauri.

Akwatin na nan, kwado a kulle, makulli a wuyana. Sai dai ba a inda na bar shi yake ba, an ja shi daga jikin bango. Mai unguwa ya ce mata ne suka yi shara. Na duba maɗaurin kwadon, na ga kusoshinsa suna girgiɗi. Ko da ma haka suke ban lura ba? Na buɗe gwangwanin. Gari ne, ba ƙwaya ba da za ka ƙirga. In an ɗebi abin da zai kashe ƙato, ba zai fi abin da ɗan yatsa biyu za su tsinta ba. Na yi ta karkata shi a hasken ƙofa, wani lokaci in ga kamar ya ragu, wani lokaci in ga kamar yadda yake. Na tambayi mai unguwa ko wani ya shigo. Ya ce zaure ne, kowa na shiga. Da na matsa, ya ce Gide ya zo da hantsi neman aron gatari.

Daga nan na yanke a raina Gide ne. Ban san cewa a daidai lokacin, a ruga, an riga an yanke cewa ni ne ba. An ga na shiga da safe da abu a ɓoye a hannun riga. An ga na sa masa a baki. Da azahar ya mutu. In da ni ne a tsaye a waje, me zan ce?

Da gari ya waye, shanun da aka yi mana alkawari ba su zo ba. Ardo ya aiko cewa sun tafi kiwo nesa. Ranar kasuwar Rogo maganar ta gama gari: malamin dabbobi ya yi wa mutum abin da yake yi wa kare. Wasu na tsine mini, wasu kuma, abin da ya fi ci mini rai, suna sa mini albarka a asirce. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce mijinta ya shekara a kwance, ko zan leƙa shi. Na ce mata ni ba likitan mutane ba ne. Ta ce, "Ai na sani, ɗana," tana kallona. Ko 'yan allurana suka daina cin abinci a kwano ɗaya da ni, kowa ya ce ya ƙoshi.

Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa Hakimi, sai ga dogari ya zo ya ce ana nemana a Karaye gaban alƙali, ni da akwatina, da Gide, da Inna, da liman. Ga yadda ƙa'ida take a lokacin: shari'ar rai ba ta alƙalin gunduma ba ce, ta Kano ce. Nasa shi ne ya bincika ya ga ko akwai abin da za a aika. In ya aika, to mutum sai ya tafi da ankwa, kuma ƙarshen irin wannan tafiya kowa ya san shi.

Kafin zaman alƙali, Baturen dabbobi ya iso, ya sauka a bariki ya kira ni. Mutum ne mai jin Hausa sosai. Ya kori masinja, ya ce in zauna a kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe gwangwanin ya duba, ya ce shi ma ba zai iya cewa ya ragu ko bai ragu ba. Sannan ya sassauta murya.

"Malam Isiyaku, na taɓa ganin mutum yana mutuwa da wannan ciwo. In ka yi, ni ba zan ga laifinka ba. A ƙasarmu ma likitoci suna gardama a kan wannan, wasu na cewa jinƙai ne. Gaya mini, tsakanina da kai."

Na dube shi. Har yau ban sani ba ko da zuciya ɗaya ya faɗa, ko tarko ne ya ɗana mini in amsa da bakina. A lokacin ban yarda da inuwata ba ma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasarku doka ta yarda?"

Ya ce, "A'a. Kisa ne a doka."

Na ce, "To a nan kisa ne a doka, kisa ne kuma a wurin Allah. Ban yi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda ya ji amsar da ya san dole a ba shi. Na fita na san bai yarda ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne tambaya ɗaya da na san alƙali zai yi: ko wani ya nemi gubar a wurinka? In na ce Gide, na miƙa shi. In na ce babu, na yi ƙarya a gaban shari'a, wataƙila ma da rantsuwa. Kuma ga shi a raina na tabbata shi ne.

Alƙalin dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya fara da ni. Na faɗi zancen tsumma da zuma. Sai ga tambayar.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wanda ya fara roƙona shi ne mamacin da bakinsa. Na hana shi."

"Wanda ya fara. To wa ya biyo?"

Kafin in buɗe baki Gide ya ce, "Ni ne. Na roƙe shi, na ce ni zan ɗauki alhakin. A gabana dai, ya hana."

"A gabanka dai," in ji alƙali, yana maimaitawa. Ya dube ni, ya dubi Gide. Ya tambaye shi me ya kai shi zauren mai unguwa da hantsi. Ya ce gatari ya je aro don ya sare sabon turke, tun da Hamma ya girgiɗe na farko. A raina na ce, ko kuma don ɓamɓare kusa.

Aka tambayi liman, wanda shi ya yi wa gawar wanka. Ya ce bai ga lanƙwasa ba, bai ga wani abin da ya saɓa ba, sai gurbin igiya. Amma ya ƙara da cewa shi bai taɓa wanke wanda guba ta kashe ba, balle ya gwada. Bature ya ce, masu wannan ciwo wani lokaci numfashinsu kan tsaya farat ɗaya, ko da ɗazu suna da ƙarfi. Sai dai shi ma ya ce ba zai rantse ba, tun da bai ga gawar ba.

Sannan aka zo kan Inna. Tana zaune a gefe ta lulluɓe. Alƙali ya tambaya wa ke tare da mamacin lokacin da ya cika. Ta ce ita kaɗai. Gide ya tafi daji saran turke, sauran maza suna wajen shanu.

"Me ya faru, Inna?"

"Ciwon ya taso masa. Da ya lafa, na shiga."

"Kin ba shi wani abu?"

"Ba ya iya haɗiya."

"To me kika yi?"

Ta gyara lulluɓinta. Sannan ta ce, "Na kwance masa hannu. Na ɗora kansa a cinyata. Na kira sunansa."

Fulanin da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, tun daga haihuwarsa har abin da hali ya yi. Shekara arba'in ko fiye ba ta taɓa kiransa ba sai ranar.

"Ya amsa?" in ji alƙali.

"Ya amsa."

Alƙali ya ja carbinsa. Na ga kamar akwai wata tambayar a bakinsa, amma bai yi ta ba. Sai ya tambayi Inna da Gide, tun da su ne masu jini, ko suna tuhumar wani da ran Manu. Duka suka ce a'a. Ya ce to babu mai ƙara, babu shaida, babu ikirari, kuma zato ba ya zubar da jini. Ba abin da zai aika Kano. Ya yi wa Gide faɗa sosai a kan roƙon da ya yi, ya ce ya nemi gafarar Allah, don tausayi in ya wuce iyaka yakan kai mutum inda ƙiyayya ba ta kai shi ba. Ni kuma ya ce, "Malam, shari'a ta sake ka. Bakin mutane kuwa ba a hannuna yake ba."

Gaskiya ya faɗa. Aka karɓe gwangwanin daga hannuna, aka ce daga yau sai da dogari za a riƙa fita da shi. Shekarar nan rabin shanun wajen Zoza ba a yi musu allura ba. Sai da Hakimi ya tura wakili ya zauna a sansani tare da ni kafin wasu suka dawo, kuma ko da suka dawo, sai su ce ɗan allura ya yi, kada ni in taɓa.

Bayan damina ta zagayo, ina kasuwar Rogo ina duba fatu, sai na ji sallama a bayana. Gide ne, riƙe da ƙwarya cike da man shanu an rufe da faifai. Tun ranar zaman ba mu haɗu ba, ni ina kauce masa, ashe shi ma yana kauce mini. Ya ja ni bayan rumfuna inda ba kowa. Muka gaisa, ya miƙo ƙwaryar.

Ya ce, "Malam, na daɗe ina so in zo. Ka ɗauki nauyin da ni na kasa ɗauka, ka sha zagi, ka yi shiru. Allah ya saka maka da abin da ka yi wa Hamma."

Na ce, "Gide, me na yi masa?"

Ya yi murmushi, irin na mu biyu mun sani. Ya ce, "Ba sai ka faɗa ba."

Na ce, "Wallahi, tallahi, zuma da ruwa na sa masa. Ni kai nake zato. Shekara guda ina kwana da cewa kai ka buɗe akwatina."

Murmushin ya ɓace. Ya ce, "Ni? Na shiga zauren, na ga akwatin, har na ja shi na taɓa kwadon. Na tsaya a kansa. Sai na kasa, na ɗauki gatari na fita. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

Na duba fuskarsa, ya duba tawa. Na san mai ƙarya, ciniki da Fulani da mahauta ya koya mini. Ba ƙarya yake yi ba, kuma na ga shi ma ya gane ba ƙarya nake yi ba. Sai kowannenmu ya fara lissafin wanda ya rage a bukkar, kuma kowa ya ga ɗan'uwansa yana wannan lissafin.

Gide ya ce da ƙarfi, kamar mai faɗa da ni, "To Allah ne ya ɗauke shi. Bature ma ya ce yakan faru haka. Malam, ka ce Allah ne."

Na ce, "Allah ne."

Ya sauke numfashi. Na nuna ƙwaryar na ce to wannan fa, tun da abin da ya kawo ta babu shi. Ya ce, "Ba ni na kawo ba. Inna ce ta aiko ni. Ta ce in ce maka ta gode."

"Ta gode da me?"

"Ba ta faɗa ba. Ni na ɗauka na sani."

Na karɓa, don ba a mayar wa uwa hannu. Ko godiyar zumar ce, ko ta hana ɗanta na biyu ɗaukar jinin wansa, ko wani abu ne daban, ban sani ba. Ban sake ganinta ba, ta rasu bayan 'yan shekaru. Kuma ina roƙon ku, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce ita ce. Ban ce ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai mutumin nan ya ji muryar uwarsa ta kira shi, ya amsa, lokacinsa ya yi. Na yi zaton Gide shekara guda da dukan zuciyata, ina da akwati da aka ja, da kusa mai girgiɗi, da gatari, kuma na yi kuskure. Wanda ya yi irin wannan kuskure sau ɗaya ba shi da bakin yin na biyu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Aikinmu yana koya wa hannu saurin raba dabba da wahalarta, kuma daidai ne, aikin ke nan. Amma mutanen da kuke yi wa aiki suna kallon wannan hannun, kuma wata rana wani da kuke ƙauna, wanda ciwo ya kai shi bango, zai iya roƙonku da kalmominku na kanku. Ku hana shi. Sai dai kada ku ɗauke shi mugu, kada ku ɗauki danginsa masu kisa, yawancinsu ƙauna ce ta rasa inda za ta sa kanta. Kuma in kun hana, kada ku hau keke ku tafi da sauri kuna jin kun sauke nauyi. Hanawar ita ce mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a kwance wa mutum hannu a zauna da shi har ƙarshe, kuma a duk rugar nan, da ni, da liman, da dattawan gindin ɗorawa masu gardama, tsohuwa ɗaya ce ta iya.